Mai Gashin Santsi, Ki Yi Lissafi Kafin Ki Tara Dada

Yau maganar gashi za mu yi, irin gashin nan da ake bari ya sarƙe da kansa ya zama igiya-igiya, wanda yaran yanzu suke kira dada. Iyayenmu kuwa in sun ga irinsa a kan namiji cewa suke yi ya tara gizo.

Abin da ya kawo maganar shi ne yadda 'yan mata suke ganinsa a wayar hannu, a kan mawaƙa da 'yan ƙwallo da 'yan wasan kwaikwayo, har sha'awarsa ta fara leƙowa cikin gidajenmu. Waɗanda suka fi yawan tambaya a kansa su ne masu gashin santsi mai laushi, irin wanda muke ce wa gashin Fulani ko na Shuwa ko na Buzaye, wanda in aka yi masa kitso yau, jibi ya fara warwarewa. Tambayarsu ita ce, shin irin nasu yana kamawa? Amsa ita ce yana kamawa. Amma ra'ayina shi ne, gashin santsi ba ya zama dada sai da abu biyu, lokaci mai tsawo da tsabta mai tsanani. Duk wadda ta nemi gajeriyar hanya, to, da gashin goshinta za ta biya. Wadda kuwa ba ta da wannan lokaci a hannunta, kamar 'yar makaranta, gara ta dakata.

Daga ina ya fito?

Kalmar dada daga wajen Yarabawa muka same ta. Su a wurinsu, yaron da ya taso gashinsa yana sarƙewa da kansa shi ake kira Dada, ana kuma ganinsa da daraja, ba a aske shi haka kawai sai da wata al'ada. A Senegal akwai 'yan Baye Fall, mabiya Shehu Ibra Fall almajirin Shehu Ahmadu Bamba, waɗanda da yawansu suke tara shi. A tsibirin Jamaika akwai 'yan Rasta, waɗanda aƙidarsu ta taso bayan naɗa Haile Selassie sarautar Habasha a 1930. Mawaƙinsu Bob Marley, wanda ya rasu a 1981, shi ya fi kowa yaɗa wannan gashi a duniya. A Indiya kuma akwai masu gudun duniya na addinin Hindu da suke tara shi tun zamanin da, har ya kai wasu ga ƙugu. Gashin mutanen Indiya kuwa kowa ya san shi, mai santsi ne. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa gashin santsi yana kamawa.

Na kawo wannan ne domin mu iyaye mata mu daina yanke hukunci da ido kawai. A wurinmu, da an ga gizo sai a ce mahaukaci ne ko mashayi, domin a kansu muka saba ganinsa. Alhali kuwa akwai bambanci tsakanin gashin da aka watsar da wanda ake kiwo. A ƙasar Folan ta Turai, shekaru aru-aru talakawan ƙauye sun riƙa barin gashinsu ba wanka ba taza har ya dunƙule ya zama gammo ɗaya mai kwarkwata, suna kuma tsoron yanke shi, wai cuta za ta kama su. A ƙarni na 19 wani likita mai suna Józef Dietl ya tashi tsaye yana nuna musu cewa rashin tsabta ne kawai ya kawo shi. Wancan ƙazanta ce. Dada na gaskiya kuwa, kowace igiya a ware take da 'yar'uwarta, ana wanke ta, ana busar da ita, fatar kai tana shan iska.

Me ya sa gashin santsi yake jan lokaci?

In aka duba silin gashi da madubin likita, za a ga yana da ɓawo jere bisa jere kamar na kifi. Wannan ɓawo shi yake kama na sili ɗan'uwansa in suna gogayya, har su sarƙe. Gashi mai ƙarfi a nannaɗe yake fitowa, saboda haka kowane sili da ma yana neman wanda zai rungume. Gashin santsi kuwa a miƙe yake fitowa, ga shi kuma maiƙon da fatar kai take fitarwa yana gangara a jikinsa ba abin da ya tare shi. Shi ya sa yake sulɓi, shi ya sa kuma ƙulli ba ya zama a cikinsa. Daga nan sai a ga dalilin da ya sa abin da mai gashi mai ƙarfi za ta samu cikin 'yan watanni, mai gashin santsi sai ta yi shekara ɗaya, wani lokaci har biyu, kafin igiyoyinta su nuna su yi tauri.

Hanyar farawa iri uku ce. Ta farko ita ce a ajiye mataji gaba ɗaya, a riƙa wanke kai ana barinsa, in ya fara sarƙewa a riƙa raba shi da yatsa. Wannan ita ce ta asali, ita ce kuma ta fi jinkiri. Ta biyu ita ce a tsaga kai gida-gida kamar fangalin lambu, kowane gida kamar inci ɗaya a faɗi da tsawo, a jera su kamar ginin bulo domin kada tsagar ta miƙe fatar kai ta riƙa haske. Sa'an nan a kama kowane gida a taje shi baya-baya, watau daga tsini zuwa gindi, har ya dunƙule, kana a murza shi tsakanin tafin hannu kamar mai tufkar igiyar rama. Ta uku ita ce a murɗa gashin gida ɗaya, a raba shi biyu, a ja, a sake murɗawa a raba ta wani wuri, haka har ƙarshensa. Wasu sukan bi bayan haka da siririn kwarashi suna cusa silin da ya fito waje, amma kwarashi a hannun wadda ba ta iya ba tsinka gashi yake yi. Ko wacce aka ɗauka cikin biyun ƙarshe, ana so gashi ya kai kamar inci 6, domin tsawonsa zai ragu sosai in ya dunƙule.

Girman gida abin lura ne ga mai siririn gashi. In gidajen sun yi ƙanana, gindin igiya ba zai iya ɗaukar nauyinta ba in ta yi tsawo. In sun yi manya, igiyoyin za su zama 'yan kaɗan, kai ya yi fili-fili. Kuma duk yadda aka yi, watannin farko ba su da kyan gani. Gashi zai yi buzu-buzu, wasu igiyoyi su warware bayan wanka, wasu su yi ƙulu-ƙulu. Hoton da kika gani a waya na wadda ta riga ta wuce wannan mataki ne da daɗewa.

Gajeriyar hanya

A cikin waɗannan watanni ne ake yaudarar yara. Wata za ta ce a shafa kakin zuma, wata ta ce gam, wata ta ce a ɗaure gindin da roba a tamke. Kakin zuma yana sa igiya ta yi kyau a ranar, amma manne gashin yake yi, ya hana shi gogayyar da za ta sarƙe shi. Ba ya kuma fita da ruwa da sabulu. Ƙurar hunturu da zaren ɗankwali su maƙale a jikinsa, danshi ya shige ciki ya rasa hanyar fita, ƙarshenta igiya ta yi fumfuna daga ciki ta fara wari. Roba kuwa in ta daɗe narkewa take yi a cikin gashi, ko ta yanke shi daidai inda aka ɗaura. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Wanda ya fi duk waɗannan haɗari shi ne ja. Da yake gindin gashin santsi yakan yi sako-sako in sabo ya tsiro, sai a ga mai shi tana ta murɗe shi kowane mako domin ya kwanta. To, ga lissafin da nake so kowa ta yi. Likitocin fata sun ce mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 kowace rana. Mai taje kai, mataji yake kwashe mata su. Mai dada kuwa a cikin igiya suke zama. A shekara ɗaya sili 18,000 zuwa 36,000 ke nan da suka riga suka rabu da fata amma suna rataye a kai, siraran silin da suke da rai su ne suke ɗauke da su. A ƙara da nauyin ruwa ranar wanki, a ƙara da murɗa, a ƙara da tufke su baya da ƙarfi a ƙarƙashin ɗankwali. Gashin goshi da na gefen kunne, waɗanda da ma su ne marasa ƙarfi, su suke fara gudu.

Wannan cin goshi tsohuwar cuta ce, kuma ba ta zaɓen irin gashi. A cikin littattafan likitoci an fara bayaninta ne a 1907, a kan matan tsibirin Girinlan masu miƙaƙƙen gashi da suke tufke shi tamau. A 2007 kuma Dokta Nonhlanhla Khumalo da abokan aikinta suka buga binciken da suka yi a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, inda suka sami wannan zubewar gashi a kan kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta da suka duba, da kusan kashi 32 cikin 100 na manyan mata. Binciken ya shafi kitso da gyaran gashi iri-iri ne, amma darasinsa ya hau kan maganarmu. Sun ga cewa abin ya fi tsanani ga gashin da aka sa wa man miƙarwa, watau rilaksa, sa'an nan aka zo aka ja shi. Saboda haka ke da santsin gashinki na kwalba ne, ki sani naki ya fi na kowa rauni. In kina son dada, sai ki bari sabo ya tsiro, ki yanke wanda ya sha magani tukuna.

Alamomin da za a kula da su su ne ciwon kai bayan gyara, da ƙananan ƙuraje a gindin gashi, da fatar da ta ɗaga saboda ja. In aka sassauta da wuri gashi yakan dawo. In aka yi shekaru ana ja, gindinsa mutuwa yake yi, kuma babu man da zai tsirar da shi. Duk gyaran da ya hana ki barci, ko ya sa kika nemi maganin ciwon kai, ya yi tsauri, a sassauta shi a ranar.

Yadda ake kiwonsa

Ga wadda ta ji duk wannan kuma ta ce ta yarda, to, ta san ta ɗauko aiki. Masu cewa ba a wanke dada ba su san shi ba. Gashi mai tsabta, marar maiƙo, shi ya fi saurin kamawa. A wanke kai sau ɗaya ko biyu a mako, a cuɗa fatar kai da yatsu, a bar kumfa ta gangara jikin igiyoyin, a ɗauraye sosai har ruwa ya fito garau. In sabulun salo ne, a jiƙa shi a tace tukuna domin kada ɓurɓushinsa ya maƙale. Ruwan rijiya mai zartsi yakan bar farin dauɗa in ya haɗu da sabulu, saboda haka in da hali a ɗauraye da ruwa mai daɗi.

Abubuwan da muka saba da su don laushin gashi, a nan su ne abin gudu. Karkashi yauƙi yake sa wa gashi, man shanu da basilin da man kitso kuma sulɓi suke ƙara masa, su kwance ƙullin da aka yi watanni ana jira, su kuma taru a cikin igiya. In fatar kai ta bushe, ɗigon mai marar nauyi a kan yatsa ya isa, a fatar kawai.

Busarwa ita ce rabin aikin, musamman a gare mu da muke rufe kai. Igiya takan bushe a waje alhali cikinta jiƙe yake. A wanke da safe, a matse kowace igiya, a naɗe da tawul, sa'an nan a zauna a tsakar gida inda iska da rana suke har ta bushe ƙayau. Kada a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi a kan jiƙaƙƙen kai, kada kuma a kwanta da shi. Da damina abin yakan ci wuni guda. Bayan kowane wanki a bi gindin igiyoyi da yatsa a raba waɗanda suka fara haɗewa, in ba haka ba za a wayi gari da gammo irin na mutanen Folan. Da dare a rufe kai da kallabi mai santsi, da hunturu kuma a kare shi daga ƙura.

Akwai kuma maganar tsarki, wadda ba sai na tsawaita ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa a wankan wajibi lalle ne ruwa ya kai ga fatar kai ya ratsa gashi. Wannan wani dalili ne na nisantar kaki da gam. Matar aure ta kuma lissafa sau nawa ruwa zai taɓa kanta a mako, da awa nawa take da su na busarwa tsakanin girki da raino da zuwa aiki. In akwai abin da ya shige mata duhu, ta tambayi malami kafin ta fara.

Ga ƙannena 'yan makaranta

Shawarata gare ku ita ce ku dakata har ku gama karatu. Ba don gashin abin kunya ba ne. Dalili na farko, kwarkwata ba ta tambayar mai tsabta da marar tsabta, daga kai zuwa kai take tafiya, kuma mu da muke duba kawunan yara a filin taro mun san yadda take zagaye aji da ɗakin kwana cikin ɗan lokaci. Maganinta yana bukatar mataji mai ƙananan haƙora da zai kwashe ƙwanta, shi kuwa ba ya ratsa dada. Sau da yawa sai dai almakashi. Ina kuma roƙon iyaye, ko wane irin gashi ne, kada a zuba wa yarinya fiya-fiya ko kananzir a ka. Guba ne, yana ƙona fata, yana kuma iya kisa. A je asibiti ko kantin magani.

Dalili na biyu, ina 'yar makarantar kwana za ta sami wuni guda na shanya kai, ga layin ruwa ga ƙararrawa? Dalili na uku shi ne dokar makaranta. Wata za ta ce ai a Ghana kotu ta bai wa masu dada gaskiya. Haka ne, a 2021 Babbar Kotun Akra ta umarci makarantar Achimota ta karɓi ɗalibai biyu 'yan Rasta da aka hana su shiga saboda gashinsu. Amma babbar hujjarsu ita ce gashin yana cikin addininsu. Ke da kwalliya ce ta kai ki, kada ki sayar da darasin zango guda saboda ita.

Na san wata za ta ce kaina ne, in bai yi ba sai in tsefe. To, dada ba kalaba ba ce da ake tsefewa da yamma ana hira. Ana iya warware shi, amma aikin kwanaki ne da tsinke da man laushi, daga tsini zuwa gindi, igiya bayan igiya, kuma duk gashin da ya zube ya taru a ciki a lokacin zai fito tuli guda. Da yawa sukan gaji su yanke. Gashi kuwa kamar rabin inci yake tsirowa a wata, watau inci 6 a shekara. Wadda ta yanke gashi mai inci 12, shekara 2 za ta jira ya dawo. In sha'awa ce kawai, ki yi murɗe biyu-biyu ko ƙananan kalaba marasa tsauri, ki zauna da su sati biyu ko uku ki ga ko ranki yana so har yanzu.

Ga yayyena da iyayena

Matar aure da take so ta fara, ta yi shawara da maigida tun gaba, domin abu ne da za a zauna da shi shekaru, kuma watannin buzu-buzu a gabansa za a yi su. Kada kuma ta fara da tsohon ciki ko lokacin jego. Mata da yawa gashinsu yakan zube sosai kamar wata uku bayan haihuwa, in kuwa ya tarar da igiyoyi masu nauyi a kan siririn gindi, tsinkewa za su riƙa yi.

Uwar da 'yarta ta zo mata da wannan magana kuma, kada ta fara da zagi ko ta ɗauko reza. Yarinyar da aka ce wa mahaukaciya ba za ta sāke tambaya ba, sai dai ta je wurin ƙawa a shafa mata kaki a ɓoye. Ki zaunar da ita ki yi mata lissafin nan, na watanni da wanki da shanya da goshi. Ki kuma nuna mata darajar abin da take da shi, domin gashin da take neman dunƙulewa shi ne wanda wasu suke kashe kuɗi a kanti suna neman irinsa. Mafi yawansu in sun ji lissafin da kansu za su janye. Wadda ta girma, ta gama karatu, ta ce har yanzu tana so, to, a taya ta yin sa a kan ƙa'ida, da tsabta, ba ja ba kaki.

Mu ma da muke kitso kada mu ɗauka maganar ta wuce mu. Mu duba goshin 'ya'yanmu ranar tsifa, mu kuma iya ce wa makitsiya ta sassauta hannu, ko da kitson ba zai daɗe ba. Rigakafi ya fi magani.

A nan zan dakata. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a gidajenmu. Sai mun sake saduwa a wannan fili.